Hannu Goma Sha Shida

Lahadi, 6 ga Afrilu, da hantsi

Mun ci tseren jiya. A kwanar gada na yanke abokan karawarmu, daidai inda Koci Halvorsen ya ce kada in kuskura in matse. Na matse. Shekarata ta uku ke nan ina direban kwale-kwalen maza na jami'a, ina zaune a can gindi, igiyar akala a hannuna, makirufo a bakina, ƙarti takwas suna tuƙi sun ba gaba baya, ba wanda ke ganin inda aka dosa sai ni. Ba su taɓa bin muryata kamar jiya ba.

Da muka fito suka yi abin da ake yi wa direba in an ci. Suka ɗaga ni sama su takwas suna ihu, suka wulla ni kogi. Ruwan sanyi ƙarara, har numfashina ya ɗauke. Na fito ina dariya. Akwai hoto, kowa ya gani, ina dariya.

Odalys, abokiyar ɗakina, ta soya mini ƙwai, har ya huce ban taɓa ba.

Lahadi, da la'asar

Na sake wanka.

Talata, 8 ga Afrilu, bayan atisayen safe

Bari in rubuta sau ɗaya in huta. Lokacin da nake sama, kafin su sake ni, wani hannu ya shiga cikin wandona, inda hannu ba ya zuwa bisa kuskure, ya kuma dakata a can. Akwai filasta a yatsun, na ji kaushinta. Yau na duba. Su takwas ɗin kowa da filasta a yatsu, filafilin tuƙi ya cinye musu tafi tun watan jiya.

Daga kujerata fuskar Teague kaɗai nake gani sosai, shi ne na gabana, bugunsa saura ke bi. Bayansa sai kafaɗu da hannaye a jere. Aikina ke nan dama, kallon hannaye, in gaya wa mutum ya makara ko ya yi gaggawa. Yau na kalle su har na kusa kai mu kan tulin yashi.

Dalton daga tsakiya ya ɗaga murya ya ce, "Oga, ruwan bai fita daga kunne ba ne?" Oga suke ce mini, don duk na fi su ƙanƙanta kuma na fi su baki. Na ce masa ya ja da ƙafa ya daina ja da baki. Aka yi dariya. Na kasa kunne ko zan ji wanda dariyarsa ta bambanta, ban ji ba.

Laraba, 9 ga Afrilu, da yamma

Na gaya wa Odalys, kuma na yi nadama tun kafin in rufe baki. Ɗakinmu ɗaya, ita ce kyaftin ɗin kwale-kwalen mata, kuma ba ta iya jin abu ta zauna a kansa.

Ta ce, "Tashi ki sa takalmi, Corinne. Ofishin ƙorafi bai rufe ba."

Na ce in je in ce wa? In ce ɗaya daga cikin takwas, su zaɓa?

"Ki ce abin da ya faru. Nemo shi aikinsu ne."

Ita abin da sauƙi a wajenta. Gasar ƙarshe ran uku ga Mayu ce, kuma kafin ita matuƙan jirgin ke shiga wajen Koci ɗaya bayan ɗaya, kowa ya faɗi direban da yake so. Ansel, direban jirgi na biyu, tun bara yake lasar baki a kan kujerata. Bai iya shan kwana da jirgi ba, amma ba wanda zai ji tsoron ɗaga shi. In na buɗe baki yanzu, ba sai an kore ni ba, zaɓe kawai za a yi. Wannan ce shekarata ta ƙarshe, kujerar nan nake so, ba na ɓoyewa.

Na sa ta rantse ba za ta faɗa wa kowa ba. Ta rantse tana kallon taga.

Juma'a, 11 ga Afrilu, da azahar

Koci ya kira ni ofishinsa. Ya bar ƙofa a buɗe, har da sa kujera ya tare ta. Tun da nake shiga ofishin nan bai taɓa yin haka ba.

Ya ce magana ta je sama a kan jefa direba a ruwa, za a zo a yi tambayoyi. Sai ya ɗaga hannu ya ce, "Ban tambaye ki komai ba, kada ki gaya mini komai. In na ji, dole in kai gaba." Ya ce ni 'yarsa ce, ya ce ba a taɓa direba irina ba, ya ce yaran nan an sha wuya a kansu bana. Yaran nan. Ban san a wane layi ya sa ni ba da ya faɗi haka.

Da na sauko rumfar jirage hira ta mutu. Whit, ɗaya daga cikin takwas ɗin, ya sunkuya yana ɗaure takalmin da yake a ɗaure.

Juma'a, da magariba

Odalys ta ce ba ita ba ce ta kai maganar. Na ce to aljani ne. Ta ce, "Da ni ce, da na faɗa miki a fuska, kin san halina." Na san halinta, shi ya sa. Ta ɗauki matashinta ta tafi ɗakin wata.

Litinin, 14 ga Afrilu, bayan atisaye

Ba wanda ya ce Oga yau. Corinne. Dalton ma Corinne.

Alhamis, 17 ga Afrilu, da yamma

An tara mu a zauren motsa jiki, maza gefe, mata gefe, ba wanda ya ce a zauna haka. Ni na rasa inda zan sa kaina, sai na zauna a kan akwatin kayan gyara a tsakiya kamar wadda aka kawo shari'a. Wata Madam Pruitt daga ofishin ƙorafi ce ta jagoranta. Ta ce ba a zo tuhumar kowa ba, an zo tattauna al'ada ne.

Dalton ya fara. Ya ce jefa direba girmamawa ce, tun kakanni ake yi, namiji ma jefa shi ake yi. "In muka jefa Ansel muka ƙi jefa ta, nan ma ku ce mun ware mace. To ya kuke so mu yi? Ita fa ɗaya ce daga cikinmu."

Odalys ta ce, "Ɗaya daga cikinku, amma a banɗakin baƙi take canza kaya shekara uku."

"Sai ta shigo namu?"

Maza suka kwashe da dariya. Odalys ta jira suka gama. Ta ce ai dariyar nan ita ce maganar. Ta ce jirgin da mata ke tuƙawa tsohon na maza ne, har yanzu sunan wani tsohon kocin maza ne a jikinsa. Ta ce in ruwa ya kwanta da safe na maza ne, in iska ta taso da rana na mata ne. Ta ce ta san waƙar da ake sa sababbin maza su yi a liyafar farkon shekara, ta san sunayen 'yan jirginta da ke ciki, da abin da aka ce a kan cinyoyinsu.

Wani daga baya ya ce wasa ne. Wata daga cikin matan ta ce, "To yi mana ita yanzu, mu ma mu yi dariya." Ba wanda ya yi.

Abin haushin, ni ma na san waƙar. Ina wurin ake yin ta duk shekara, ina cin taliyata, in an zo baitin da ya yi muni sai wani ya toshe mini kunne da hannu, a yi dariya. Na ɗauka wannan shi ne zama ɗaya daga cikinsu.

Sai Teague ya miƙe, shi da ba ya magana a taro. Ya ce a daina magana a kan Corinne kamar ba ta nan, a tambaye ta. Duk suka juyo. Matan na jira in tsaya musu, mazan na jira in wanke su. Na ce ni dai ina so mu ci gasa. Na ji wata ta yi tsaki. Dalton ya tafa sau biyu, ya ga shi kaɗai ne, ya bari.

Na tsani kowa a zauren nan, har da ni. Kuma duk tsawon taron ido na sa in ga wanda zai kasa kallona. Su takwas ɗin ba wanda ya kalle ni sai Teague, shi kuma ya cika kallo.

Asabar, 19 ga Afrilu, da rana

Mun sha kashi a tseren yau, na uku muka zo. Ba a jefa kowa ba. Da muka tsallake layi na ji wani sanyi a raina, na kuma ji kunyar jin sa.

Lahadi, 20 ga Afrilu, da hantsi

Mama ta kira. Na ce mata ana ɗan rikici a ƙungiya. Ta ce, "Ke ma dai, me ya kai ki jirgin maza tun farko?" Sannan ta tambaya ko ina cin abinci.

Talata, 22 ga Afrilu, da azahar

Madam Pruitt ta gayyace ni ni kaɗai. Ofis mai kujeru masu laushi da kwalin tishu a kan tebur, an ajiye shi daidai inda hannu zai kai. Ban taɓa shi ba.

Ta ce ba dole in ce komai, amma akwai abin da wanda ya kawo maganar ya yarda a gaya mini. Yana cikin waɗanda suka ɗaga ni. Ya ce ya ga fuskata ta canza tun kafin in taɓa ruwa. Ya ce bai ga wanda ya yi ba.

Na ce, "Haka ya ce?"

Ta ce, "Haka ya ce."

Ta tambaya ko akwai abin da nake so in ƙara. Na ce ruwan da sanyi, shi ya sa fuskata ta canza. Ta dube ni ta ce ƙofarta a buɗe take ko yaushe. Kowa ƙofarsa a buɗe take kwanan nan.

Ashe ba Odalys ba ce. Na saya mata kek ɗin lemo da take so na ajiye a kan gadonta. Ba mu yi maganar ba, amma ta dawo da matashinta.

Yanzu mutum biyu nake nema a jirgi ɗaya, wanda ya yi da wanda ya gani. Wa ya sani ma ko mutum ɗaya ne, ya riga ni zuwa ofis don a ce shi mai kirki ne.

Alhamis, 24 ga Afrilu, bayan atisayen safe

Whit ya kawo mini kofi. Bai taɓa ba. Ya ma san ba na sa sukari, wa ya gaya masa? Na karɓa na ajiye a kan dandamalin bakin ruwa har ya huce.

Dalton ya dawo da barkwancinsa, ya ma fi da. Mai laifi yakan yi shiru ne ko yakan ƙara surutu? Ina ganin da shi ne da ya yi shiru. Sai kuma in ce ai ya san haka zan yi tunani.

Teague ya riƙe mini jirgi zan shiga, ya miƙo hannu kamar kullum. Na shiga ban kama ba, na kusa faɗawa. Ya ce, "Ni ma?" Shi ne ya raka ni asibiti a shekarar farko da na karye a yatsa, ya zauna har aka gama ɗauri. A hoton ran nan yana wajen kafaɗata. Amma hoto daƙiƙa ɗaya yake kamawa, kuma an juya ni a sama kafin a sake ni.

Na ƙara girman hoton nan har ya zama ɗigo-ɗigo. Hannu goma sha shida, rabi ba a ganin inda suke.

Juma'a, 25 ga Afrilu, da yamma

Hukuncin ofis ya fito. Al'ada tana nan, amma daga yau sai an tambayi direba ko ya yarda kafin a ɗaga shi. Dalton ya durƙusa gaban Ansel ya ce, "Ranka ya daɗe, a ba mu izini mu jiƙa ka?" Har Koci ya yi murmushi.

Shi ke nan, wai an gyara.

Litinin, 28 ga Afrilu, da la'asar

Yau aka yi zaɓen direba. Na zauna a waje a kan tirelar ɗaukar jirage ina kallonsu suna shiga suna fita. Kowa ya fito sai ya ɗaga mini kai. Ban san ɗaga kan "na zaɓe ki" ba ne ko na "sai haƙuri".

Laraba, 30 ga Afrilu, da azahar

Ni aka zaɓa. Su takwas, ba wanda ya ce Ansel. Teague ne ya tare ni a hanyar laburare ya gaya mini, fuskarsa fal murna, kamar ya kawo mini kyauta. Na ji daɗi, wallahi na ji, har idona ya kawo ruwa. Da ya tsaya nan da yanzu ina wanke rigar tsere.

Sai ya ce, "Kuma waccan maganar, ki kwantar da hankalinki, an gama ta."

Na ce wace magana.

"Haba, Oga. Mun zauna ran Lahadi a gidan su Dalton, mu takwas. Mun rufe ƙofa muka ce ba mai fita sai an faɗi gaskiya. Ya tashi ya faɗa. Ya ba da haƙuri, har da kuka. Giya ce ta daren jajibirin tseren ba ta sake shi ba, da zumuɗin cin tsere. Mun ci masa mutunci sosai, ki yarda da ni."

Na ce, "Wa ya ba haƙurin?"

"Mu. Jirgin gaba ɗaya."

"Ina jirgin ai."

Na ce wane ne. Ya ce sun yi alkawari, sai bayan gasa. In na sani yanzu ba zan iya kallonsa ba, jirgi zai watse, wahalar shekara ta tafi a banza. Ya ce don ni suka yi haka, don in samu gasata. Na ce ko kai ne? Ya ce in ya ce ba shi ba ne saura bakwai, gobe in tambayi wani saura shida, shi ya sa suka ce kowa ya yi shiru.

Sun yi tunani sosai. Sun zauna, sun tsara, har sun san yadda zan yi tambaya. Tun Litinin nake ba su umarni a kan ruwa, su takwas sun sani, suna kallona, ni kaɗai ce ban sani ba. Kofin Whit ma ban san na mene ne ba yanzu.

Alhamis, 1 ga Mayu, da safe

Na yi atisaye. Muryata ta fita daidai. Jirgin bai taɓa gudu kamar yau ba, abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

Juma'a, 2 ga Mayu, da yamma, a masauki

Mun iso garin gasa. Odalys ta zo ɗakina ta zauna a bakin gado. Na zaci za ta ce in koma wajen Madam Pruitt, sai ta ce, "In kin shiga jirgin gobe ba zan ga laifinki ba. Ke kika yi wahalar kujerar nan, ba su suka ba ki ba."

Na ce in na shiga, mun ci, sai su tambaye ni cikin ladabi ko na yarda a ɗaga ni, shi ma yana cikin masu tambayar.

A wajen cin taliya na gaya wa Teague. Ba ofis, ba Koci, ba hukunci nake nema ba. Gobe kafin in sa ƙafa a jirgi, mutumin ya dube ni ya ce shi ne. In ya faɗa zan shiga in kai su, abin da zai biyo baya sai bayan gasa, kamar yadda suke so. In bai faɗa ba su nemi direba. Ya ce, "Ba za ki iya ba, Oga. Kin fi mu son tseren nan." Gaskiya ya faɗa, na fi su so.

Asabar, 3 ga Mayu, da la'asar

An sa jirgi a ruwa, kowa ya zauna a kujerarsa, ya ɗaure ƙafa. Na tsaya a kan dandamali da makirufo a kaina. Ban kunna ba, ba na so jama'a su ji. Na ce ina jira.

Na bi su da ido tun daga Teague har na can ƙarshe. Wannan na gyara filasta, wancan na kallon ruwa. Whit ya buɗe baki, na zaci shi ne, sai ya ce, "Don Allah, Corinne, lokaci." Dalton bai yi barkwanci ba. Ina ji ana kiran sunan jami'armu a lasifika, a zo layi.

Koci ya ƙaraso ya ce me ake jira. Ya dube ni, ya dube su, na ga ya gane, na kuma ga ya yanke shawarar bai gane ba. Ya duba agogo ya ce a kira Ansel.

Ni na cire makirufon na sa wa Ansel da hannuna, na gyara masa shi don kansa ya fi nawa girma. Na ce masa iska na bugowa daga hagu bayan rabin hanya, ya riƙe dama. Ban san me ya sa na gaya masa ba. Jirgina ne.

Daga kan gada muka kalla ni da Odalys. Ansel ya riƙe dama. Sun ci da ɗan ƙiris.

Da suka fito suka kewaye shi, na ga Dalton ya tambaye shi, shi kuma ya gyaɗa kai. Mutum biyu suka kama wuyan hannunsa, biyu suka kama idon sawunsa, saura suka ja baya suna ƙirga musu. Suka yi lilo da shi suka saki. Ba wanda hannunsa ya wuce nan.

Ashe sun san inda ake riƙe mutum.